Ƙunshin da Inna Ta Ƙi Kwancewa

A shekarun da na yi ina tuƙi a Riyad, ba ni da lokacin da na fi so kamar tsakar rana ta bazara, sa'ad da doka ta hana leburori aiki cikin rana. Injuna su yi shiru, masu zuba kankare su watse neman inuwa, masu shaguna su jawo ƙofofinsu na ƙarfe don sallar azahar, wasu ba za su sake buɗewa ba sai zafi ya karye. Titi ya yi fari fat. Can gaba sai ka hangi ruwa kwance a kan kwalta yana ƙyalli, benaye suna rawa a cikinsa, ka isa wurin ka tarar ba ko ɗigo. A irin wannan lokaci nakan fake da mota a ƙarƙashin wata gada, in bar na'urar sanyi tana huci, ni a sitiyari, Muhandis a gefena, muna mafarki ido biyu.

Muhandis shi ne abin da kowa ke kiransa a wurin aiki, wato injiniya da Larabci. Bafaranshe ne, dogo, siriri, mai gemun da bai gama yanke shawarar fitowa ba. Kamfanin gine-ginen da nake wa aiki ne ya ɗauko shi, aka ba shi mota, aka ba shi ni. Dalilin ba wani mai zurfi ba ne: a cikin direbobin kamfanin kaf, ni kaɗai na taɓa zama a lakwal, makarantar boko, a Damagaram, ina da ragowar Faransanci a baki. Abokan ɗakina na unguwar Manfuha, yawancinsu Kanawa, suka sa ni gaba da tsiya, wai an mayar wa Faransa kayanta. Ranar farko da na gaishe shi da harshensu, ya juyo ya dube ni kamar wanda ya ga ɗan garinsu a tasha. Daga ranar ya daina zama a baya.

Mutum ne da bai yarda a ci abinci a tsaye ba, balle a cikin mota. Ko gurasa da wake za mu ci, sai an sami wuri an zauna, an ɗauki lokaci, an yi hira. Sai an gama sannan mu koma ƙarƙashin gada, ya kwantar da kujera, ya rufe ido, ya shiga ba ni labarin ƙasarsu. A can, in ji shi, ɗa na gari shi ne wanda ya sami aikin da ba a kora. Mahaifinsa ya ƙare rayuwarsa a aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarsa a aji. In ka shiga taro, kafin a tambayi sunanka sai an tambayi makarantar da ka yi. Wanda ya buɗe kasuwanci ya faɗi kuwa, tabon ba ya gogewa; banki yana tunawa, surukai suna tunawa. Ya ce Amurkawa tafi suke wa wanda ya faɗi ya tashi, su kuwa sai su kau da kai don kada su kunyata shi, kuma wannan kau da kan ya fi zagi ciwo.

"Amma iska ta juya," in ji shi, idonsa a rufe. Wai yanzu a Paris samari da 'yan mata sun yar da naktaye, sun mamaye tsofaffin rumbunan ajiya, kowa da kwamfutarsa a cinya, suna magana rabi Faransanci rabi Ingilishi, suna kafa ƙananan kamfanoni da ba su da komai sai tunani ɗaya da wayar hannu. Sitatof suke ce musu. Manyan gwamnati ma suna zuwa ɗaukar hoto da su. Shi kuwa ga shi a cikin hamada yana auna kankare, abin yana wuce shi. Yadda yake faɗar wannan, sai na ji tausayinsa, duk da cewa albashinsa ya ninka nawa ban san sau nawa ba. Na ce masa to ya ajiye aikin mana. Ya yi dariya ya zaro iƙamarsa, katin izinin zama, ya nuna mini. Ashe shi ma kafili gare shi, kamfanin nan dai da ke riƙe da ni. In ya ajiye aiki, jirgi ne zai biyo baya.

Wata Juma'a bayan an sauko ya ce sai ya ga inda nake kwana. Na yi ta kauce-kauce, ya nace. Muka tarar ɗakin ya kacame, domin ɗaya daga cikinmu zai tafi Kano hutu. Jakarsa a buɗe a tsakar ɗaki, mutane suna ta shigowa da ƙunshi-ƙunshi: wannan turare na matarsa, wannan carbi na babansa, wannan takalmin yara. Mai tafiyar yana ta mita, "Wallahi halas, ya isa haka, jaka ta cika, ni ba kago ba ne," yana kuma karɓa. Muhandis ya tsaya bakin ƙofa baki sake. Ya tambaye ni nawa ake biyan mai ɗauka. Na ce ba a biya. Ya ce to wanda ba shi da mai tafiya garinsu fa? Na ce sai ya jira. Ya ce har yaushe? Na ce har Allah ya kawo.

Washegari a ƙarƙashin gada ya zauna a miƙe, bai kwantar da kujera ba. Ya ce kullum jirage suna tashi daga garin nan da jakunkuna rabin ciki, ga kuma mutane da ƙunshi a ƙarƙashin katifa suna jiran Allah ya kawo. Manhaja ɗaya a waya za ta haɗa su. Mai saƙo ya rubuta garinsu, mai tafiya ya rubuta hanyarsa, waya ta ɗaura su. Ya ce ni na kawo tunanin, don haka ni abokin tarayyarsa ne. Na tuna masa cewa a iƙamata direba aka rubuta. Ya ce shi ma injiniya aka rubuta a tasa, mafarki ba ya bukatar sa hannun kafili.

Na shiga abin da zuciya ɗaya, ba na ɓoyewa. Watannin nan sun fi kowane lokaci daɗi a zamana na Saudiyya. Yana da wata abokiyar karatu a Lyon, ita ke rubuta manhajar, fuskarta takan fito a wayarsa da rana, bayanta taga a buɗe, ruwan sama na zuba a kan jajayen rufi. Ni da na shekara ban ga hadari ba, nakan manta da maganarsu in tsaya kallon ruwan. Su kuwa gardama ce abincinsu. Sun yi makonni suna musu a kan sunan kamfani, sun yi wasu a kan launin maɓalli, har da kawo maganar masu falsafa. Shi da kansa ya ce haka suke, sai tunani ya yi kyau a baki kafin su duba ko yana tafiya a ƙasa. Da watan Agusta ya kama kuwa, matar ta rufe kwamfuta ta tafi bakin teku, kamfanin duniya ya tsaya cak. Na ce masa ko a garinmu manomi ba ya barin gona haka. Ya ce kada in taɓa masa Agusta.

Ya koya mini cewa mai sitatof dole ya iya bayyana kamfaninsa ga mai kuɗi a cikin lif, kafin a kai bene na sama. Ni na zama mai kuɗin. In ɗaure fuska, in harɗe hannu, shi kuma ya yi ta zuba, yana zana taswira a iska da yatsa: Riyad, Kano, Yamai, Dakar, Marsey. Ina kallon yatsan ina ganin ƙunshi-ƙunshi suna shawagi a sama kamar balbelu sun nufi gida da yamma. Na ga kaina a ofis mai gilashi, na ga Kanawan ɗakinmu suna neman izinin shiga wurina. Wani lokaci kiran la'asar ne kawai ke farkar da mu.

Ni ma ina da nawa jiran. Ƙauyenmu yana can bayan Damagaram, kuma mutumin garinmu guda da ke Riyad an kwashe shi a shekarar da aka matsa wa marasa takarda, ya tafi da rigar jikinsa kawai. Hutuna kuwa kamfani yana ta ɗagawa, wai aiki ya yi yawa, ba tare da takardar fita ba kuma ko filin jirgi ba ka isa ka wuce ba. Na daɗe ban aika wa Inna, mahaifiyata, komai da hannun mutum ba. Saboda haka da manhaja ta tashi, aka ce ana neman saƙon farko, ban bari an gama tambaya ba. Na je unguwar Dira, na zaga tsohuwar kasuwa a bayan ganuwar ƙasa, na zaɓo dabino mai laushi wanda haƙoran tsohuwa za su iya, da mayafi ruwan toka, da 'yar kwalbar turare.

Abin da Muhandis ya fi alfahari da shi a tsarin shi ne ba sai mai saƙo ya ga mai ɗauka ba. Ya ce nan lokaci ke ɓacewa, a neman juna da jiran juna. Ka kai ƙunshinka wani shago da aka amince da shi, mai shago ya duba abin da ke ciki ya ɗaure, mai tafiya ya biyo ya ɗauka. Na kai nawa wata baƙala, ƙaramin shago, a unguwar Suwaidi. Waya ta nuna mini cewa wani ɗalibin jami'a mai karatun shari'a, magidanci ɗan wajen Gure, zai bi ta Kano ya wuce ta gefen garinmu. Ban san fuskarsa ba, bai san tawa ba. Ba a daɗe ba hoto ya faɗo: ga Inna a ƙofar gida, ƙunshi a hannu. Ba ta murmushi, amma dama Inna ba ta yi wa hoto murmushi. Muhandis ya rungume ni a tsakiyar titi, matar Lyon ta yi ta ihu a waya. Ranar rago muka ci.

Bayan 'yan kwanaki ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, lafiya kake kuwa?"

"Lafiya lau. Saƙo ya iso?"

"Ya iso. Inna ta ƙi kwance shi. Ta rataye shi a ɗaki, ta ce kada wanda ya taɓa. Abinci ma sai an yi da gaske take ci."

Ta ba ni labari. Da baƙon ya zo, Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta sa aka dama fura, aka kama kaza, ta zauna ta gyara zama. Ta ce, "To ɗana, yaya ka baro shi?" Bawan Allah, mai tsoron ƙarya ne, ya ce, "Inna, ni ban taɓa ganinsa ba." Ta ce to wa ya ba ka? Ya ce mai shago. Ta ce shi mai shagon ya ce yana lafiya? Ya ce bai tambaya ba. Ya nemi ta tsaya ya ɗauki hoto, ya ce mota na jiransa, ya tafi ko furar bai sha ba.

A wurinmu mai kawo saƙo ba kaya kawai yake kawowa ba, ido yake kawowa. Zai zauna ya ce na gan shi, mun ci abinci tare, ya yi ƙiba ko ya faɗa, ga irin ɗakin da yake kwana, ga wanda yake hulɗa da su. Wannan na san shi tun ina yaro, amma abu ne da ba a faɗa, kamar yadda ba wanda zai ce maka a sa gishiri a miya. Ita kuwa Inna ta yi nata lissafin. Ɗan da ke da ƙafafunsa da 'yancinsa, shi zai miƙa saƙo da hannunsa. In kaya suka zo ta hannun wanda bai gan shi ba, to yana asibiti, ko yana tsare, ko kuma abokansa ne suka tattara abin da ya bari.

Na ce a ba ta waya. Na yi rantsuwa, na yi dariya da ƙarfi don ta ji, na sa Kanawa suka gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara har muka gama.

"Na ji muryarka," in ji ta. "Murya ba ta ramewa."

Na aika hoto, ta ce hoto ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi. A ƙauyen ba sabis ɗin da zai ɗauki kiran bidiyo, sai an hau tudu ake samun na magana ma. Raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, na ce wannan wace irin rigima ce, mutum ya aiko da alheri a mayar masa da shi makoki. Ta ce in wanda ya gan ni da idonsa ya zo, za ta kwance. Ta miƙa wa ƙanwata wayar.

Fushin da ya rage a kan Muhandis na sauke shi. A ƙarƙashin gada na ce masa ga abin da wayonsu ya jawo, tsohuwa tana can tana zaman makokin ɗanta da rai. Na ce su je su ci gaba da gardamar launin maɓalli. Bai kare kansa ba. Ya ce a duk taron da ya taɓa zuwa, abu ɗaya ake koya musu: ka nemo inda mutane ke ɓata lokaci ka yanke shi. Ya ce, "Mun yanke cin abincin mai saƙo da mai ɗauka." Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ba da labarin rasuwa. Ya ce da wani ne ya zo gidansu ya ce wa mahaifiyarsa a daina zama a tebur don ana ɓata lokaci, da tsintsiya za ta kore shi.

Da ɗalibin ya dawo daga hutu, Muhandis ne ya nemo shi. Ya ɗauko shi da kansa ya kawo shi Manfuha wata Juma'a, ya sayo babban faranti na kabsa, shinkafa da kaza, muka zauna a ƙasa mu uku. Ɗalibin mutum ne mai kunya, Larabcinsa na littafi, ya yi ta ba ni haƙuri. Muhandis ya ce ba haƙuri aka kira shi ya bayar ba, kallo aka kira shi ya yi. Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya kamar wannan ba. Ina kai loma, mutum biyu suna bin hannuna da ido. Ɗalibin ya duba katifata, ya duba tagar da muka toshe da kwali, ya tambayi wa ke mini wanki, ya tambayi masallacin da nake salla. Daga ranar ya riƙa biyowa lokaci-lokaci, ba ya sanarwa, wai don ya gan ni yadda nake. Sai dai ba zai koma gida ba sai hutun wata shekara.

Muhandis ya so ya sa wannan a manhaja, cewa dole mai ɗauka ya ci abinci da mai saƙo kafin ya tashi. Matar Lyon ta ce wannan ba kamfani ba ne kuma, gidan biki ne. Ba mai zuba kuɗi a abin da sai an tauna shinkafa kafin ya motsa. Sun yi gardama mafi tsawo a rayuwarsu. Ya tafi Paris hutu da tunanin a haka, ya shiga lif ɗinsa na gaske, masu kuɗi suka saurare shi da ladabi, suka ce labari ne mai daɗi, ya dawo in mutane sun yi yawa. Manhajar ba ta mutu rana ɗaya ba. Ta dai yi ta yin shiru, har wata rana na taɓa ta a wayata ta ƙi buɗewa. Kwantiraginsa ya ƙare da sanyin shekarar. A hanyar filin jirgi na tambaye shi me zai ce wa mutanen gida. Ya ce zai ce ya gwada ya faɗi, ya ga wa zai kau da kai. Yana murmushi, amma hannunsa bai bar murza fasfo ba har muka isa.

Duk tsawon wannan lokaci ƙunshin yana rataye. Ƙanwata ta ce Inna ta koma cin abinci, tana zuwa suna da biki, amma in ta idar da salla takan daɗe tana kallonsa. Ni kuma kullum da azahar ina fakewa a inuwa ni kaɗai, sabon injiniyan da aka ba ni a baya yake zama, barci yake yi. In na rufe ido ɗakin Inna nake gani, da igiyar, da ƙurar da ke taruwa a kan ledar ƙunshin.

Da bazara ta zagayo ɗalibin ya tafi. Wannan karon bai bar mota tana jiransa ba. Ƙanwata ce ta ba ni labarin, tana yi tana dariya tana jan hanci. Ya zauna a tabarma, ya sha fura har ya nemi ƙari. Inna ta ce, "Yaya ka baro shi?"

Ya ce, "Inna, na gan shi, mun ci abinci a faranti ɗaya ba sau ɗaya ba. Yana aiki, yana salla, mutanen ɗakinsu suna sonsa duk da faɗansa. Amma ba zan ɓoye miki ba, ya rame. Furfura ta fito masa a gefen kai. In zai tashi daga zaune sai ya dafa bango, zaman mota ya taɓa masa baya."

Ni da na yi ta roƙonsa ya gaya mata na yi ƙiba.

Inna ta ce, "Yanzu na yarda ka gan shi." Ta sa aka sauko da ƙunshin. Dabinon ya bushe ƙamas, ko namiji ba zai iya gatsa ba. Ta ce a jiƙa mata a ruwan ɗumi. Ta yafa mayafin, ta zauna a ƙofar ɗaki tana tsotsar dabinon ɗaya-ɗaya, duk wanda ya shigo gidan sai ta miƙa masa guda ta ce, "Ci, ɗana ne ya aiko. Ya rame, amma yana nan."